Ranar da Na Gayyaci Gari Cin Ma'sa

A makarantar horon malamai na tsinto kalmar, na kawo ta gida ina ta ɗoki kamar wanda ya tsinci dami a kala. Larabci ce, ma'sa, da 'yar tsayawa a maƙogwaro tsakanin "ma" da "sa". Malaminmu na adabi, wani dogo da taba ta rina wa yatsu, shi ya koya mana ita. Ya ce ma'sa wasan kwaikwayo ne na baƙin ciki irin na tsoffin Yunanawa, kuma ba kowace mutuwa ce ake kira haka ba. In jaki ya faɗa rijiya, asara ce. In ɓarawo ya faɗa, alhaki ne. Ma'sa sai an samu babban mutum mai kirki, wanda jama'a ke ganin girmansa, amma yana da aibi guda ɗaya tak, kuma aibin nan ne zai riƙe hannunsa ya kai shi bakin rami. Kafin ya faɗa kuwa dole ya gane abin da ya yi wa kansa. Masu kallo su ji tausayi, su ji tsoro, su yi kuka, su koma gida da zuciya wankakkiya.

Ina da shekara ashirin da biyu aka tura ni koyarwa a makarantar da ke gefen ƙauyenmu, kudu da garin Hasahisa. Na iso da akwatin littattafai da wando irin na ma'aikata, da niyyar wanke wa mutanen garinmu zukata. Babu wanda ya ce min tasa ta yi datti.

Garin namu matafiya suka kafa shi. Iyayenmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, suka tsaya a Jazira, wani yankin noma na Larabawa da ke kan hanyar, su yi cirar auduga ta kaka guda su ƙara gaba. Kakar nan ce har yanzu ba ta ƙare ba. In ka tambayi kowane tsoho zai ce maka yana kan hanya, amma a baki ne kawai. Sun gina soraye na ƙasa, sun dasa lemun tsami, sun aurar da jikoki. Mutum ɗaya ne a garin yake faɗin maganar har cikin ransa, kuma Allah ya sa shi ne mahaifina.

Baba dogo ne, marar yawan magana. Shi ke wanke gawa, shi ke jan salla in limami ba ya nan. In mutum biyu suka kama faɗa a bakin tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, kan wa ya buɗe wa ya toshe, Baba ake kira, kuma abin da ya faɗa shi ne ƙarshen magana. Har Larabawan ƙauyukan maƙwabta sukan kawo masa rigimarsu. Sukan ce masa "ya Haj", wato Alhaji, yadda suke kiran kowane tsohon Bahaushe, shi kuwa ba ya amsawa sai an sake kiransa Malam. Ya ce bai isa ba tukuna, ba zai ci sunan da bai yi aikinsa ba.

Kowace shekara in an gama cirar auduga, sai ya sauko da gafakarsa ya kakkaɓe, ya shafa wa takalminsa mai, ya bi gida gida yana sallama yana neman gafara. Mutane su yafe masa, su ba shi saƙon addu'a. Sai wani abu ya taso. Wata shekara limami ya kwanta ciwo. Wata shekara maƙwabcinmu ya rasu ya bar marayu da dawa a tsaye a gona. Wata shekara rigimar ruwa ta kusa kai wa ga sanda. Baba ya mayar da gafaka ya rataye, ya yi gyaran murya, ya shafo gemunsa daga ƙasa zuwa sama, ya karkatar da kai hagu, ya ce, "To. Baɗi, in Allah shi kai mu." Shekara arba'in ana haka. Gidanmu kaɗai ne ya rage na kara da ciyawa a unguwa, don a cewarsa matafiyi ba ya gini. Ni kuwa kunyar gidan nake ji, ba zan ɓoye ba, musamman in abokan aikina suka ce za su kawo min ziyara.

Da na zauna rubuta ma'sata, sai na rasa babban mutum. Sarakuna ba mu da su, yaƙi ba mu yi ba. Na yi ta juya alƙalami har idona ya sauka kan gafakar da ke rataye. Na ce alhamdu lillahi, ga babban mutum ga aibi, duk a cikin gidanmu. Don kada a gane, na mai da shi sarkin wani birni mai ganuwa, na ba shi dawakai da fadawa. Na sa ya yi wa ubansa alkawari a bakin mutuwa cewa zai je wata rijiya mai albarka a bayan duwatsu ya sha ruwanta. Kowace shekara ya yi shiri, talakawa su zo da kuka, ya fasa. A ƙarshe ya tsufa ya makance, hanya ta shafe, ya gane cewa shi ya ɗaure ƙafarsa da kansa. Na karanta abina ni kaɗai har na yi ƙwalla. Abu guda ne ban iya canzawa ba, don ban samu abin da ya fi shi daɗi a baki ba. Duk inda sarki ya fasa tafiya, na rubuta masa, "Baɗi, in Allah ya kai mu."

Na ba taubashina sarautar, ɗan ƙanen Inna, wani tela sa'ana mai masifar iya kwaikwayon mutane. Na zaɓe shi ne don muryarsa tana kai wa ƙarshen fili. Ranar da ya fara karantawa ya ɗago kai ya dube ni.

"Ustaz, sarkin ga naka awa na san shi."

"Ba ka san shi ba. Na wata ƙasa ne."

"Wallahi? To ƙasar tasu ba ta da nisa da ɗakin Inna."

Na ɗaure fuska na yi masa lacca kan ma'sa, na ce ba wurin shashanci ba ne. Ya ce halas, shi ke nan, ya ji. A duk gwajin da muka yi kuwa bai kauce ba ko sau ɗaya, ya yi sarki mai nauyi har ni kaina na yarda da shi.

Saura gayyata. Na kira mai shelar gari, wani tsoho mai haƙori uku, na ce ya sanar cewa Ustaz yana gayyatar kowa da kowa ma'sa ranar Alhamis bayan la'asar a filin makaranta. Na maimaita masa kalmar sau uku ina nuna maƙogwarona. Ya ce ya riƙe. Ya fita ya bi lungu lungu yana kwarma ihu cewa ɗan Malam yana kiran gari kaf, maza da mata, zuwa cin masa.

Sai wanda ya zauna a Jazira zai san nauyin wannan shelar. Mu da kisra, wato shimfiɗaɗɗiyar wainar dawa ta Larabawa, da tuwon dawa muke kwana muke tashi. Masa abincin gida ce, ta can inda aka baro, sai da salla ko suna ake ganinta. Tsofaffin da ba su taɓa taka filin makaranta ba suka fara wanke kwanoni. Na dawo gida na tarar da Inna tsaye a ƙofar madafa, hannu a ƙugu.

"Kai, yaushe kaz zan mai kiran gari ba ka shaida min ba? Ina gero, ina mai, ina tanda?"

"Inna, ba masa ba ce. Ma'sa."

"To mi nic ce?"

"Ke masa kika ce. Ni ma'sa na ce. Wasa ne na baƙin ciki, a kalla a yi kuka."

Ta dube ni tun daga kai har takalmi. "Ka kira mutane su bar aikinsu su zo su yi kuka, kuma da yunwa? Wanga karatu naku, Allah shi sawwaƙe." Ba ta sake bi ta kaina ba. Ta tara maƙwabta, aka jiƙa gero, aka aro tanda daga gida huɗu, don ba za ta bari a ce ɗanta ya kira gari ya bar shi baki a bushe ba. Na so in hana, amma na ga in na hana ba mai zuwa.

Ranar Alhamis filin ya cika har kan katanga. Muka haɗa teburan aji muka yi dandamali, muka rataya zannuwan gado suka zama labule. Shugaban makarantarmu, Balarabe ne, ya zauna da malamai biyu suna jiran ma'sa. Sauran mutum ɗari da wani abu suna zaune da masa a hannu, mai yana nashe musu yatsu, kowa fuska a sake kamar ranar suna. Baba aka sa wa gadon igiya a sahun gaba, a tsakiya, saboda girmansa da kuma kasancewarsa uban mai gayya. Ni na ɗauko gadon da kaina.

Farkon wasan ya tafi daidai. Tsohon sarki ya mutu, mata suka ce wayyo. Sabon sarki ya ɗaura sirdi zai tafi, talakawa suka zo suka faɗi gabansa, ya sauko daga doki. Ya buɗe baki ya ce baɗi in Allah ya kai mu. Can baya wani ya yi 'yar dariya, guda ɗaya, ƙarama. Na leƙo ta bayan labule na ga kunnen taubashina ya motsa, na san ta ɓaci. Mai kwaikwayo in ya ji ƙamshin dariya ba ya da uwa ba ya da uba.

Da aka zo baɗi ta biyu sai ya yi gyaran murya. Ya shafo gemun audugar da muka manna masa daga ƙasa zuwa sama. Ya karkatar da kai hagu. Ya ce, "To. Baɗi, in Allah shi kai mu."

Filin ya fashe. Maza suka riƙe ciki, mata suka toshe baki da mayafi, wani dattijo ya ƙware da masa sai da aka bubbuga masa baya. Ina ta yi wa taubashina alama da hannu, shi kuwa ko kallona bai yi ba. A baɗi ta uku jama'a suka riga shi faɗa. A ta huɗu har da tafi. Na rubuta guda bakwai, don malaminmu ya ce maimaici yana ƙara nauyin ƙaddara, kuma duk bakwai ɗin sai da aka yi su.

Na sa rai ga ƙarshe. Na ce in sarki ya makance dole su yi shiru. Ya fito yana lalube, ya durƙusa, ya ɗaga hannu sama ya ce da muryar da ta kai ƙarshen fili, "Ni na ɗaure ƙafata da kaina!" Aka yi tsit na ɗan lokaci, har na fara jin daɗi. Sai wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Bari, baɗi ka kwance!" Dariyar da aka yi a nan ta fi duk ta baya.

Shugaban makaranta bai ji Hausa ba, amma ya ga yadda mutane ke share hawaye. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce bai taɓa ganin wasan barkwanci da ya karɓu haka ba, sai dai a gaba in daina kiransa ma'sa. Ni kuwa Baba nake kallo. Tun daga baɗi ta biyu bai motsa ba, bai waiwaya ba, bai sunkuyar da kai ba. Ya zauna har aka ja labule. Sannan ya tashi ya gaisa da shugaban, ya ce masa kwayyis, wato ya yi kyau, ya wuce masallaci. Limami ba ya nan ranar, shi ya ja magariba, waɗanda suka gama dariyar suna bayansa a sahu.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya yi min faɗa baki da baki. Na yi kwana uku ina jiran saƙo ta bakin Inna, bai zo ba. A rana ta huɗu ya ce da ƙanena, ina zaune a wurin, "A ce ma yaron nan shi kira magini." Aka kwaɓa ƙasa, aka tayar da ɗaki biyu da zaure. Mutane suka yi ta zuwa yi masa barka, wasu har suna yi min godiya, wai na yi abin da ya gagari dattawa shekara arba'in. Abokan aikina suka kawo ziyara, na zaunar da su a zaure ba tare da kunya ba. Abin da na daɗe ina so ne, kuma ban ji daɗinsa ba ko na rana ɗaya.

Da aka gama cirar auduga ta shekarar, bai zaga sallama ba. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Yara suka sa masa Sarkin Baɗi, suna faɗa a bayan katanga in ya wuce. Wata rana a bakin tur'a, ana rigimar ruwa, ya ce a bari sai gobe a duba da safe, sai wani saurayi ya ce ƙasa ƙasa, "Ko baɗi." Aka yi gumtse gumtse da dariya. Baba ya naɗe tabarmarsa ya dawo gida. Daga ranar in an zo kiransa sai ya ce a je wurin limami. Magana zarar bunu ce, kuma ni na zaro wannan a gaban gari duka.

Inna ce ta gaya min abin da ban tambaya ba. Tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba.

"Kai mai ilimi, cikin baɗin nan da kas sa anka yi ma dariya, ka san nawa na naka?"

Ta ci gaba da tankaɗe tana lissafo min.

"Shekarar da kay yi ƙyanda, guda. Ya riga ya kai Wad Haddad anka bi shi anka ce ba ka kwana, yad dawo da ƙafa. Da anka ɗauke ka makarantar kwana, huɗu. Yac ce ba shi tahiya shi bar ɗa hannun gwamnati ba uban da za a nema. Waɗannan ba ka sa su cikin masar taka ba."

Ban gyara mata kalmar ba. Na fita bayan katanga na yi kukan da na so gari ya yi. Taubashina ya zo ya ba ni haƙuri, na kusa marinsa, amma da wane hannu? Shi gemu kawai ya shafa, maganar tawa ce.

Shekara shida ina neman hanyar gyara. Da ƙannena suka girma, ba sauran wanda za a ce an bari, na shirya mana komai, ni da shi da Inna: mota zuwa Hasahisa, jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa zuwa Jidda. Na same shi da hantsi a zaure yana gyara igiyar gado. Na durƙusa na ce ya gafarce ni, na kuma faɗa masa shirin. Ya daɗe yana jan igiya. Wannan ne karo na farko da ya yi min doguwar magana kai tsaye.

"Gafara, na yahe maka tun ranar. Ba ka yi ƙarya ba. Wasanka ma ya yi kyau, wuri guda kak kuskure. Sarkinka sai da yam makance kana yag gane. Ni da idona biyu nig gani, ina zaune kan gadon da kak kawo min."

Na ce to ya zo mu tafi, a rufe bakin kowa.

"Shi na abin da ba ni yi. Shekara arba'in ina jiran kiran Allah. In nit tashi yanzu, duk garin ga za su ce dariya ta kore ni, kuma ni kaina ban iya rantsuwa ba ita ba ta. Ba ni zuwa ɗakin Allah don rufe bakin mutane. Tai da uwarka."

Na roƙe shi. Na turo limami, na turo kawuna, na turo tsofaffin da suka taso tare daga gida. Kowa ya ce masa wannan taurin kai ne, kuma gaskiya suka faɗa. Bai musa ba, bai kuma tafi ba.

Ranar tafiyarmu shi ya ɗauko ƙunshin Inna ya kai bakin mota. Kafin direba ya tayar, ya matso ta gefen da nake zaune ya fara yi min kwatancen hanya. Ya lissafa min zango zango, rijiya rijiya, inda ake samun inuwa, inda ba a kwana, garin da mutanensa ke da kirki da wanda ake wucewa da sauri, duk yadda ya haddace daga bakin mahajjatan da suka dawo tun yana saurayi. Hanyar ƙafa ce, ba mai binta tun kafin a haife ni. Na saurara har ƙarshe ina cewa to, Baba. Ban gaya masa jirgin ƙasa ba ya tsayawa ko ɗaya daga cikin wuraren ba, kuma na tabbata ya sani.

Ya rasu bayan dawowarmu da shekara biyu, bai je ba. Shi ya yafe min, ni ne har yau ban iya ba.